Daga wace shekara ake fara ƙirga tarihin ƙungiyar mawaƙa? Dattawanmu sun rabu gida biyu

Sakatare_Tena:
Salama jama'a, barkanmu da warhaka. Akwai abin da ya hana ni sukuni kwana biyun nan, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai fitar da ni. Ni ne sakataren wata ƙungiyar mawaƙa ta unguwa, kwaya dai irin ta murya huɗu, sofrano, alto, tena da bes. Ba ta makaranta ba ce, ba ta wata majami'a ba ce, kowa da sana'arsa, akwai malaman makaranta akwai direbobi akwai ma'aikatan jinya da 'yan fansho, sau ɗaya a mako muke haɗuwa koyon waƙa kuma ba wanda ake biya ko sisi. To kwamiti ya ɗora min aikin rubuta ɗan littafin tarihin ƙungiya saboda biki da ake son yi baɗi, ni kuma na karɓa da murna ban san rijiya na faɗa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutum 9 ne suka fara waƙa a falon marigayi malamin waƙarmu na farko, sun yi shekara 7 suna yi, ba takarda ba rajista ba suna ma takamaimai. Sai abin ya watse, aka yi shekara 5 shiru. Daga baya wasu suka taru aka rubuta tsarin mulki, aka buɗe littafin rajista, aka zaɓi shugabanni, shi ne ake tafe har yau. In daga falo aka fara ƙirga, baɗi shekararmu 50 cif. In daga rajista ne, 38. Dattawa sun rabu biyu, kowane ɓangare ya kira ni gefe yana min hannunka mai sanda. Wace lamba zan sa a bangon littafin don Allah?

Shaƙiyyi01:
Ni fa da na ga an ce ɗan kwaya na neman shawara na zaci maganar jami'an hana sha ce, ashe masu waƙa ne. Sannu Sakatare, Allah ya raba mu da ƙugiyar da ta ɓace a kan ka.

MamanAlto:
Kai Shaƙiyyi ba ka gajiya, wannan barkwancin tun muna 'yan mata muke jin sa. Sakatare ɗana, sa 50 ka huta. Yaro ranar da aka haife shi ake ƙirga shekarunsa ko ranar da aka je aka karɓo masa takardar haihuwa? Mutanen nan 9 su suka sha wahalar, su suka zauna a ƙasa da fitila suna maimaita layi ɗaya sau ashirin, don kawai ba su da sakatare mai biro sai a share su? Shekara 31 ina waƙa a irin wannan ƙungiya, ban taɓa ganin wadda ta fara da tsarin mulki ba, duk da zaman falo ake farawa.

Lissafi_Dalla:
Mama da girmanki, amma misalin nan bai zauna ba. Yaro ba ya mutuwa shekara 5 ya dawo. Abin da ya watse ya watse. Ni ma'aji ne a tamu, kuma abin da na sani shi ne duk abin da ba za ka iya ɗora takarda a kai ba to labari ne, a ba shi shafinsa a littafin a ce ga yadda tushen ya faro, amma lambar bango 38 ce. Gobe wani ɗan jarida ko ɗalibi ya zo ya ce ku nuna min shaidar 50 sai ku fara kame-kame.

MalamTarihi:
@Sakatare_Tena wannan rigimar taku ba sabuwa ba ce, manyan ƙungiyoyin duniya ma sun sha ta. Ɗauki Treorchy Male Choir ta kwarin Rhondda a Wales, ƙungiyar maza zalla ta garin masu haƙar kwal. An kafa wata ƙungiyar maza a garin a 1883, a wani otal mai suna Red Cow, suka yi ƙarfi har suka ci babbar gasar waƙa da adabi ta Wales da suke kira Eisteddfod, a 1895 kuma aka gayyace su fadar Windsor suka yi wa Sarauniya Victoria waƙa. Daga baya abubuwa suka taɓarɓare, yaƙin duniya biyu ga karayar tattalin arziki da ta durƙusar da garuruwan kwal, mutane suka watse neman abinci, waƙa ta tsaya. Sai ranar 16 ga Oktoba 1946 aka sake haɗa ƙungiya ƙarƙashin John Haydn Davies, bayan samari sun dawo daga yaƙi.

To yadda suke ba da labarin shi ne abin lura. Ƙungiyar da ake da ita yanzu daga 1946 take, haka ake rubutawa, amma duk inda aka buɗe tarihinsu da 1883 ake farawa, da Red Cow da Windsor. Wato ba su jefar da kakanninsu ba kuma ba su ci shekarun da ba a yi waƙa ba. Ni da ni ne kai haka zan yi, lamba biyu a bango.

Sakatare_Tena:
Na gode Malam. Na kawo shawarar lamba biyu a taron kwamiti na makon jiya, wani dattijo ya ce min biki ɗaya za a yi ba biyu ba, kuma riga ɗaya za a buga. Su fa 50 ɗin ce ke musu daɗi a baki, ba wanda ke fitowa bikin 38.

Gimbiyar_Sofrano:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Abin da ke ba ni mamaki, me ya haɗa masu haƙar kwal da waƙar murya huɗu? Mutum ya yini a rami ya fito baƙi ƙirin sannan ya je yana karanta nota? Wa ya koya musu?

MalamTarihi:
Tambaya mai kyau ƙanwata. Abu biyu ne zuwa uku. Na farko ƙananan majami'un Wales na wancan ƙarni, yawancinsu jama'a gaba ɗaya ke rera waƙa kashi-kashi, yaro yana tasowa kunnensa ya saba. Na biyu garuruwan kwal sun cika da maza da suka yi ƙaura neman aiki, ba rediyo ba talabijin, waƙa kuma ba ta buƙatar ka sayi komai. Na uku kuma wanda ya fi, solfa. Wata mata ce Sarah Glover a Norwich ta Ingila ta tsara hanyar koya wa yara waƙa da haruffa, wani limamin kirista John Curwen ya ɗauka ya gyara ya yaɗa tun daga shekarun 1840. Maimakon layuka biyar da ɗigo-ɗigon nan masu wutsiya sai a rubuta d r m f s l t, kowace maɗaba'a mai haruffan boko za ta iya bugawa da araha, wanda ya iya karatu kaɗan cikin 'yan makonni ya fara bi. Daga shekarun 1860 abin ya mamaye Wales. Mishan kuma suka kai shi ƙasashe da yawa, shi ya sa har yau a wurare da dama kwaya da solfa take koyo.

BabaSolfa:
Malam ka faɗi gaskiya amma ka sauƙaƙa abin da yawa, 'yan makonni ina! Haruffan ne masu sauƙi, lokacin fa? Ɗigo biyu, ɗigo ɗaya, waƙafi, jan layi, nan ake gane ɗan gari. Na shekara 40 ina koyar da bes, akwai mutumin da ya yi shekara 12 a layina yana riƙe da takarda juye ba wanda ya sani, da kunne yake bin na kusa da shi, kuma muryarsa ta fi ta kowa zama. Ranar da na gane sai na yi shiru, me zan gyara? Da ya rasu aka zo rubuta ɗan tarihinmu sunansa bai fito ko sau ɗaya ba don bai taɓa riƙe muƙami ba. Har yau abin na ci min rai. Sakatare ka kula da irin waɗannan.

Lissafi_Dalla:
Mu koma kan magana. Tunda Malam ya buɗe ƙofar misalai ni ma ina da nawa. Garin Stoughton a jihar Massachusetts ta Amurka, akwai Old Stoughton Musical Society, an kafa ta a 1786 da maza 25, ita ake ɗauka mafi tsufa a Amurka cikin ƙungiyoyin waƙa da ba su mutu ba. A garin dai an taɓa yin wata ta biyu da aka kafa a 1802, sai ta riƙa cewa ai ita tun 1762 take don ta wuce ta farkon. Masu bincike suka duba ba abin da ya tabbatar da hakan. Yau in an ambace ta abin da ake fara tunawa ke nan, ƙarin shekaru. Abin da nake guje wa su Sakatare ke nan.

MamanAlto:
To ai su ƙarya suka yi, ko kuma zato. Su Sakatare mutanen falon nan wasu na raye, ana iya zuwa a gaishe su a tambaye su. Ya za ka haɗa?

MalamTarihi:
Kuma @Lissafi_Dalla misalinka na da ƙaho biyu. A Stoughton ɗin tun 1774 wani mai tsara waƙoƙi William Billings ya koyar da ajin waƙa a garin, daga irin wannan ajin mawaƙan garin suka taso. Duk da haka ba su ce 1774 ba, 1786 suka riƙe. Ka ga a nan na ba ka maki. Amma ba a taɓa ba da labarinsu a tsallake Billings.

KwanaCasa'in:
Ni ban zo raba gardama ba, daɗin tsofaffin takardu ya kawo ni. Wanda duk ya raina littafin rajista ya karanta dokokin farko na Huddersfield Choral Society ta Ingila. Mutum 16 suka kafa ta a 1836. Suna haɗuwa sau ɗaya a wata, kuma suna daidaita ranar da farin wata saboda a ga hanyar komawa gida da dare. Wanda ya makara ana cin sa tarar kwabo 3, wanda ya zo a buge ko ya yi zagi kwabo 6. Da tsohon lissafi kwabo uku taro ke nan, shida kuma sisi, wato ka makara taro a ci ka tarar taro. Daga dokar nan kaɗai ka san irin mutanen, ka san akwai wanda ya taɓa zuwa yana tangaɗi har aka ga sai an rubuta. Ba tsohon da zai zauna ya faɗa maka wannan da bakinsa. Ita ce fa ƙungiyar da daga baya Malcolm Sargent ya jagoranta daga 1932 har 1967, duniya ta san su da Messiah, doguwar waƙar da Handel ya tsara, da suke yi duk shekara, amma ni wannan tarar ta fi burge ni.

Shaƙiyyi01:
Da za a dawo da tarar makara, 'yan sofrano kaɗai sun isa su gina mana zaure cikin wata shida.

Gimbiyar_Sofrano:
Allah ya shirye ka. Mu da muke zuwa mu share wuri mu jera kujeru kafin ku 'yan bes ku shigo kuna gyaran murya kamar tsohuwar mota.

Anti_Kujeru:
Yauwa Gimbiya kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Na karanta littattafan tarihin ƙungiyoyi irin namu sun fi biyar, duk tafiyarsu ɗaya: malamin waƙa na farko daga kaza zuwa kaza, na biyu daga kaza zuwa kaza, ga hotonsa da sanda a hannu, ga kofin da aka ci. Shi ke nan. Ba wanda zai ce wace ce ta riƙa kwafe takardun waƙa da hannu guda 40 kafin a samu injin kwafi, wace ce ke ajiye mabuɗi, wa ke wanke riguna ya goge, wa ke bi gida-gida yana lallashin wanda ya yi fushi ya daina zuwa. A tamu akwai lokacin da muka yi wata 8 ba malami, ba mu watse ba saboda wata mata ɗaya da ke buɗe ƙofa duk mako ko da mutum huɗu ne suka zo. Sakatare ni ban damu da 50 ko 38 ba, ka dai tambayi wa ke dafa ruwan zafi a falon nan, matar gidan tana ina a labarinku?

Sakatare_Tena:
Anti, matar malamin tana nan da ranta, ta haura 80, kuma kunya ta kama ni don sau ɗaya na je wajenta shi ma gaisuwa ce kawai. Zan koma.

Bari in gaya muku abin da ke hannuna. Wata tsohuwar akwatin ƙarfe aka miƙa min, makullin ya yi tsatsa sai da muka sa guduma. A ciki akwai littafin rajista guda 6, na farkon gara ta ci gefensa na hagu kamar an bi da almakashi. Sunaye ne a jere, gaban kowane suna ƙananan layuka na halarta, wanda bai zo ba a sa masa sifili, wasu sunayen an ja musu layi da jan biro ba bayani. Akwai hoto guda mai ruwan ƙasa, mutum 23 a tsaye layi uku, a bayansa an rubuta sunayen 19 kawai, huɗu ba wanda ya gane su zuwa yanzu. Akwai kaset 11, da ƙaramin ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa a gwiwa a kai kunne a ɗauki murya, an naɗe shi a hankici.

Sai kuma abin da ban faɗa ba da farko. Watsewar nan ta shekara 5 ba haka kawai ta zo ba, faɗa aka yi. Malamin ya kwanta rashin lafiya, mutum biyu kowa na son ya gaje shi, ga kuma maganar kuɗin riguna da aka tara ba a ga riguna ba. Aka yi baram-baram. Daga cikin 9 ɗin, 4 ne suka dawo da aka sake taruwa. 'Ya'yan waɗanda ake zargi kuma suna cikin ƙungiya yau, ɗaya ma kusa da ni take tsayawa. In rubuta ko in tsallake?

Hajiya_Sulhu:
Ɗana a bar kaza cikin gashinta. Ka rubuta cewa an samu saɓani ƙungiya ta dakata, ka wuce. Wanda ake zargi ba ya nan balle ya kare kansa, 'yarsa kuma ba ta ci kuɗin kowa ba. Littafin biki ne ba kotu ba.

Bes_Mai_Tsawa:
Hajiya na yarda kar a kama suna, amma kar a shafe. Mu abin da ya same mu ke nan. Aka raba gari, rabi suka fita suka tafi da sunan ƙungiya da kabad ɗin takardun waƙa gaba ɗaya, mu aka bar mu da kujeru da bashi. Shekaru suka wuce aka zo rubuta tarihi sai aka ce kar a tayar da tsohon miki, aka rubuta wai ƙungiya ta bunƙasa ta haifi reshe. Reshe! Yanzu yaran da suka shigo daga baya sun ɗauka da guɗa aka raka su, kuma irin kuskuren da ya jawo rabuwar, mutum ɗaya ya riƙe kuɗi shi kaɗai ba mai sa hannu na biyu, na ga an fara komawa kansa. Na yi magana aka ce tsoho ya fiye mita. In ba a rubuta dalili ba to me aka rubuta?

MalamTarihi:
Maganar tafiya da suna da takardu ta tuna min da wadda ta fi dacewa da tambayar Sakatare, ban san ya aka yi na manta ta ba. Sing-Akademie ta Berlin a Jamus, wadda ake yawan kira mafi tsufa cikin ƙungiyoyin da maza da mata 'yan sa-kai ke waƙa tare. Carl Fasch ne ya fara ta, makaɗi ne a fadar sarkin Prussia. Tun kafin 1791 yana tara ɗalibansa suna waƙa a gidajen mutane, amma ranar da suka ɗauka ta kafuwa ita ce 24 ga Mayu 1791, ranar da Fasch ya fara rubuta waɗanda suka halarta a littafi. Kuma a gidan wata mata da mijinta ya rasu aka yi zaman. Ka ga Lissafi ya samu rajistarsa, Mama ta samu falonta, a rana ɗaya.

Bayan Fasch sai Zelter ya karɓa a 1800, a zamaninsa ne a 1829 mai tsara kiɗa Mendelssohn yana ɗan shekara 20 ya jagorance su suka farfaɗo da St Matthew Passion, doguwar waƙar Bach da aka daɗe ba a ji ba. Sai yaƙin duniya na biyu. Aka kwashe taskar takardunsu aka ɓoye a 1943 don gudun bama-bamai, sojojin Sobiyet suka tafi da ita a 1945, aka yi fiye da shekara 50 ana zaton ta ƙone. Sai a 1999 aka gano ta a Kyiv ta Yukiren, takardu sama da 5,000, aka mayar Berlin a 2001. Ga kuma katangar Berlin ta 1961 da ta raba mawaƙan, tsohuwar ƙungiya ta ci gaba a yamma, a gabas aka kafa wata a 1963 mai suna Berliner Singakademie. Har yau su biyu ne, sunayen kamar Hassan da Husaini. Ginin da suka gina wa kansu a 1827 ma yanzu gidan wasan kwaikwayo ne na Maxim Gorki.

Lissafi_Dalla:
Alhamdulillahi. Jamusawa ma daga rajista suka ƙirga. Na rufe bakina.

MamanAlto:
Ba ka rufe ba tukuna. Tazarar tasu tsakanin fara waƙa da fara rubutu ba ta taka kara ta karya ba, su Sakatare shekara 12 kake so su zubar.

Ɗalibi_Sabo:
Ni ina ganin Fisk Jubilee Singers ma misali ne, tun 1871 suke kuma mutanen ciki na canzawa kullum amma ba wanda ya ce ba su ba ne.

KwanaCasa'in:
Ƙanena waɗannan na jami'a ne, Fisk da ke Nashville. Ɗalibai 9 ne suka fita yawon waƙa a watan Oktoban 1871 don tara wa makarantarsu kuɗi, har suka gina Jubilee Hall da abin da suka samo. Makaranta ce ke riƙe da sunan, ko ɗalibai sun tafi ita tana nan. Ta unguwa ba ta da wannan gatan, in mutane suka daina zuwa ba ginin da zai tsaya a madadinsu, shi ya sa tambayar take da wuya.

Nas_Alto:
Tambaya ga masu cewa in an tsaya an mutu. Lokacin korona fa? Kusan duk kwayar duniya ta rufe. Kun tuna Skagit Valley Chorale a jihar Washington, ƙungiyar gari ce irin tamu, sun yi zaman koyon waƙa ranar 10 ga Maris 2020 mutum 61, 53 suka kamu, 2 suka rasu, daga nan aka shiga jin tsoron waƙa a ɗaki ɗaya. Mu mun yi wajen shekara biyu ba mu tsaya kafaɗa da kafaɗa ba, mun gwada ta bidiyo a intanet abin ya zama hayaniya don muryar kowa na isowa a makare. Da muka dawo kashi ɗaya cikin uku ba su dawo ba. Yanzu sai a ce mu sabuwar ƙungiya ce mu fara ƙirga daga ɗaya?

Lissafi_Dalla:
A'a Anti Nas, ku shugabanninku na nan, asusu na nan, rajista na nan, hutu kuka yi na dole. Su Sakatare ba abin da ya rage a shekara 5 ɗin nan, ba shugaba ba asusu ba ma sunan da za a ce an ajiye.

BabaSolfa:
Akwai abin da ya rage, ba ka iya ganinsa a littafin kuɗi ne kawai. Sakatare ga gwajin da zan ba ka. Cikin waƙoƙin da kuke yi yau akwai wadda ba ku da takardarta, kowa dai ya iya ta, sabon shiga ma a bakin na kusa da shi yake ɗauka? In akwai, je ka tambayi mutum huɗun nan da suka dawo ko matar malamin a ina aka fara ta. Sannan ka saurari yadda kuke yin ta, akwai wurin da kuke jan numfashi ko kuke sassautawa wanda ba haka aka rubuta ba, kun gada ne ba ku san daga wa ba. In wannan ya fito daga falon to ƙungiya ɗaya ce ta yi dogon suma. In kuma waɗanda suka sake taruwa da sabbin waƙoƙi da sabon salo suka zo, to Lissafi ya fi ni gaskiya.

Injiniya_Kaset:
Ni kaset ɗin nan 11 ne suka tsaya min a rai. Don Allah kar ka cusa su a kowace tsohuwar rediyo, robar da ke jan zaren in ta tsufa tana danƙo sai ta cinye maka shi. Ka fara sa fensir ka juya a hankali ka ga ko zaren na tafiya, ka duba ɗan audugar nan da ke ƙarƙashin zaren bai faɗi ba, in ka ga fari-fari kamar fumfuna kar ka kunna sam. A samu na'ura mai lafiya a haɗa da kwamfuta a kwafe sau ɗaya, a ajiye a wuri biyu. Kuma in za ka je wajen tsofaffin ka tafi da hoton nan ka ajiye a gabansu ka kunna rikoda a waya ka yi shiru. Kar ka tambayi shekara, ba sa riƙewa, tambayi wa aka haifa ko wa ya yi aure a lokacin sai ka lissafa da kanka. Kuma ɗaya-ɗaya za ka gan su, in ka haɗa su mai babbar murya ne zai ba da labarin kowa.

Sakatare_Tena:
Jama'a na dawo, na je wajen Mama matar marigayi malaminmu jiya na yi awa uku. Ta gane biyu daga cikin huɗun da ke hoton, ɗaya ma ƙanwarta ce. Anti_Kujeru, ita ce ke kwafe solfa da hannu ashe, malamin rubutunsa ba ya karantuwa. Baba, na rera mata waƙar da muke rufe kowane zama da ita, wadda ba mu da takardarta, ban kai rabi ba ta karɓe da alto, kuma daidai wurin da muke tsayawa mu ja numfashi ita ma nan ta tsaya. Ta ce mijinta ne ke da ciwon ƙirji ba ya iya kai layin ƙarshe da numfashi ɗaya shi ya sa ya raba shi. Shekara da shekaru mu 40 muna tsayawa a wurin saboda ƙirjin mutum ɗaya. Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Maganar kuɗin riguna kuwa da na taɓo sai ta ce in sha ruwa, ta canza zance.

Amma ga abin dariya. Na koma shafin farko na rajista ta ɗaya in ga me suka rubuta da kansu ranar da suka taru. Layin farko gara ta cinye farkonsa, abin da ya rage shi ne "...ke buɗe ƙungiyar mawaƙa a yau". Daidai nan ta tsaya.

MamanAlto:
SAKE buɗe! An sake buɗe! Magana ta ƙare, su da kansu sun san ci gaba suke yi.

Lissafi_Dalla:
Ko kuma "muke buɗe". Ko "ake buɗe". Mama kar ki cika wa gara abin da ta ci.

Shaƙiyyi01:
A nemo garar a yi mata tambayoyi, ita kaɗai ta karanta cikakken tarihin nan.

Injiniya_Kaset:
Sakatare auna faɗin wurin da ya cinye ka gwada da girman rubutun mutumin a sauran layukan, za ka san harafi nawa suka ɓace. Kuma duba shafi na biyu ko biron ya yi shaida a kai, in ya danna da ƙarfi ka haska tocila ta gefe a cikin duhu wani lokacin ana gani.

Hajiya_Sulhu:
Wanda ya rubuta layin yana raye?

Sakatare_Tena:
Yana raye Hajiya, amma shi ne shugaban masu cewa 50, kin ga ko na tambaye shi na san amsar. Injiniya zan gwada tocilar yau da dare. Kwamiti na zama ranar Asabar, mai buga riguna kuma ya ce in ba a ba shi lamba ba kafin ƙarshen wata ba ruwansa.

Gimbiyar_Sofrano:
In kun kwafe kaset ɗin don Allah ka saka mana waƙar rufewar nan mu ji wurin numfashin.